Busa Ɗaya a Cikin Hayaƙin Guba

Saura minti uku a kai farmaki, igwar Jamusawa ta sauya murya. Maimakon tsawar da aka saba, sai harsasan suka riƙa faɗowa tim, tim cikin taɓo. Laftanar Alcide Cormier, mai riƙe da sojan Kanada talatin a wani ramin yaƙi, ya shaƙi wari kamar na ruɓaɓɓiyar ciyawa.

"Guba! Kowa takunkumi!"

Nan da nan fuskoki suka ɓace, sai gilasai da dogayen hanci. Hantsi ne, amma hayaƙi ya rufe har tsanin fita ramin da ke gaban Cormier.

Lokaci ya cika. Cormier ya kai usur baki, ya ci karo da roba. Ya yi ihu, muryar ta tsaya cikin takunkumin. Ya ɗaga hannu, ba mai gani. Ga runduna ta dama har ta fita fili ita kaɗai, ana ta yi mata ruwan wuta.

Ya ja numfashi, ya yaye takunkumin, ya busa da iya ƙarfinsa. Kafin ya mayar, ya haɗiyi abin da ya haɗiya.

Ramin ya tashi gaba ɗaya! Cormier ne a gaba, maƙogwaro na ci kamar ya sha barkono, amma ƙafafunsa ba su taɓa sauƙi haka ba. Suka keta waya mai ƙaya, suka watsa gurneti, ya dira ramin abokan gaba a kan wani ƙato da taɓo ya lulluɓe. Suka kama kokawa, Cormier ya samu wuyansa ya shaƙe.

"Yallaɓai! Ni ne, Gillis!" in ji ƙaton da ƙyar. "Jamusawan suna can, in su kake nema!"

Sajensa ne, Murdo Gillis. Can kuwa ga Jamusawa tara, hannuwa sama. Dariya ta kama Cormier, ta juye tari, tarin ya kai shi ƙasa.

Gillis ya saɓa shi a kafaɗa, yana tafe yana mita: "Wannan uban nauyi, kai da kullum kake cewa abincin soja bai ciyuwa!"

Wata huɗu Cormier ya yi a asibiti kafin a sallame shi gida, muryarsa a dishe har tsufa. Mutum ashirin da shida cikin talatin ɗinsa sun ga ƙarshen wannan ranar, kuma ramin da suka ƙwace bai sake komawa hannun Jamusawa ba.