Sumar Maigida da Cokalin Baurere

Mijina mai maganin gargajiya ne, kuma in gaskiya za a faɗa ya san aikinsa. Abin da bai taɓa koya ba shi ne lokacin da ya kamata mutum ya ja bakinsa ya yi shiru.

Shagonsa manne yake da gidanmu, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa tsakar gida inda nake masa daka. Ciki akwai kwalabe jere a kanta, saiwoyi rataye a ƙusa, da tsohon sikeli. A waje kuma benci ne, inda 'yan zaman kashe wando ke wuni. Amma babban tallarsa ba a kanta take ba, a kansa take. Allah ya ba bawan nan suma. Ya haura sittin, gashin nan kuwa baƙi wuluk, cike fal, har sheƙi yake. Shi ya sa unguwa ke kiransa Mai Suma, shi ya sa kuma ba ya sa hula ko rana za ta fasa kai. Man gashin da yake sayarwa ni nake haɗawa, na san abin da ke ciki, mai ne da ɗan ƙamshi. Sumar gado ce, ubansa ma da tasa aka binne shi. Amma da mai sanƙo ya shigo, sai maigida ya sa yatsu ya shafi kansa a hankali ya ce, "Dube ni." Shi ke nan, ciniki ya faɗa.

Ɗaya abin da ya gada wurin uban shi ne cokali. Surukina, Allah ya jiƙansa, ba ya miƙa wa mutum magani sai ya ɗebi cokali guda ya sha a gabansa, don mai saye ya san ba abin da mai shago ke tsoro aka ba shi ba. Tsohon shiru yake yi, ya sha, ya goge cokali, ya mayar aljihu. Ɗan kuwa sai ya mai da abin wasan kwaikwayo. Zai ɗaga cokalin sama, ya jira mutanen benci su juyo, sannan ya ce, "Babu abin da ke shagon nan da bai bi ta maƙogwarona ba." Na ji maganar nan har ta gundure ni. Kuma ƙarya ce, ni da shi mun sani, tunda akwai baurere.

Baurere tsiro ne mai yaɗo. Namu surukina ya shuka a bayan ɗakin girki. Da damina sai ya fito, bakin kowane ganye ya lanƙwashe kamar yatsa, ya kama waya, ya kama igiyar shanya, ya haye katanga. Furensa ja da rawaya, ya juya baya kamar harshen wuta, duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce a ba ta iri. A ƙasa kuwa saiwarsa a tanƙware take, shi ya sa wasu ke ce masa gatarin kurege. Da ita ake haɗa maganin shafawa na ciwon gaɓoɓi da na kwarkwata. Amma dafi ce. Turminta daban, taɓaryarta daban, kuma ranar da na tare a gidan nan, tun kafin a nuna min randar ruwa surukina ya nuna min turmin ya ce, "Wannan ba ya kusantar baki."

Tsallaken titi akwai mai aski, abokin maigida tun suna samari. Kansa fes kamar tafin hannu. Ya shekara da shekaru yana sayen man gashin nan, ko tsiro ɗaya bai gani ba. Maigida kuwa bai taɓa barinsa ya taɓa masa kai ba, da kansa yake gyara sumarsa a gaban madubi, wai mai sanƙo bai san darajar gashi ba. Kullum cikin tsokanar juna suke, kamar yara.

Wata safiya mai aski ya tsallako yana ɗingishi, gwiwarsa ta kumbura suntum. Benci cike yake. Maigida ya latsa gwiwar, ya girgiza kai irin na masana, ya ƙwala min kira in kawo haɗin baurere. Na kawo a ɗan gwangwani, na tsaya bakin ƙofa.

"Shafawa za ka yi safe da yamma," in ji maigida. "Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama."

Mai aski ya karɓa, ya shinshina, ya ce, "To ina cokalin?"

"Wannan na shafawa ne."

"Af," in ji mai aski, ya juya wajen benci. "Ashe dai akwai abin da bai bi ta maƙogwaron ba."

Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, bai san kome game da saiwar ba, neman ramuwar kwalaben mansa kawai yake. Abin da ya rage wa maigida kalma uku ce, ya ce dafi ne wannan. Yaro ma zai iya. Amma na ga kunnuwansa sun motsa, na ga hannunsa ya nufi aljihu.

"Maigida," na ce, "ruwan wankanka yana hucewa."

Ko kallona bai yi ba. Ya karɓi gwangwanin, ya ɗebo, ya ɗaga sama yadda ya saba, ya jira kowa ya gani. Ya haɗiye. Ya goge cokali, ya shafi suma ya ce, "Dube ni."

Na matsa kusa kamar zan ɗauki tsintsiya, na ce masa ƙasa-ƙasa, "Shiga ciki ka amayar da shi yanzu."

"A gaban mutane?" in ji shi, bakinsa ko motsi ba ya yi.

Haka ya zauna daram a kujerarsa yana ta hira, don kada a ce ya tashi. Sai da bencin ya watse da azahar ya shigo gida, maƙogwaro yana masa wuta. Daga nan amai, daga amai sai zarya tsakanin ɗaki da bayi, har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Na ce asibiti. Ya ɗago kai da ƙyar daga bokiti.

"Ni? Mai magani a layin asibiti? Gobe wa zai sake shigo min shago?"

"Gawa ma ba ta da masu saye," na ce.

Sai ya ce to in ya zama dole, a lulluɓe shi a fitar da shi ta baya. Gidanmu ba shi da ƙofar baya, shi ya sani, sai dai in ta katanga yake so in jefa shi. Na yafa mayafi na tsallaka titi. Mai aski yana jin abin da saiwar take, reza ta faɗi daga hannunsa. Shi ya goya shi a kan gwiwar nan mai ciwo, ta cikin shago, ta gaban duk wanda ke titi, har cikin motar haya.

Likita ya tambayi abin da ya ci. Na kwance bakin mayafina na nuna masa saiwar. Ya dube ta, ya dube ni.

"Bai san dafi ba ce?"

"Ya sani, likita. Duk unguwarmu babu wanda ya fi shi sani."

Likita ya ce a kawo gado.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ina zaune gefensa ina kallon ruwan leda yana ɗiga, shi kuwa ya zabge, fuska ta koma ta wani. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na ji haushi daidai da tsoron. A ce ciwo ne ya zo daga Allah, sai in rungumi ƙaddara. Amma in zama matar mamaci saboda dariyar mutanen benci, mutanen da ko ƙwayar magani ba sa saye? Ranar da ya buɗe ido sosai na sunkuya ina jiran in ji me zai ce min. Leɓensa ya motsa.

"Su wa suka gan ni?"

Na fita baranda na yi kukana, na share fuska, na dawo na ce masa kowa.

Da muka koma gida ya shirya labarinsa tsaf, wai zazzaɓi ne ya ɗan taɓa shi. Ya koma kujerarsa a rame, amma suma na nan, don haka a ganinsa babu abin da ya faru. Har ya fara ɗaga cokali.

Sai wata safiya ina kakkaɓe shimfiɗa na ga matashinsa baƙi ƙirin. Na ɗauka ƙura ce. Gashi ne. Ya sa mataji, mataji ya fito cike. Ya sa hannu, hannu ya fito cike. Likita dama ya ce min dafin kan yi haka daga baya, ni ce ban faɗa masa ba, na ga da wane bakin zan fara. Ya kulle shago, ya kwaso kwalaben man gashi, yana tuttulawa a ka har yana bin wuya.

"Maigida," na ce, "ni fa nake haɗa man nan."

Ya dube ni kamar na zage shi. Kafin wani lokaci kan ya koma tsibi nan, fili can, kamar akuya mai ƙazwa. Ya daina kallon madubi. Ran nan da kansa ya ce, murya can ƙasa, in kira masa mutumin tsallake.

Mai aski ya shigo da jakarsa yana tafiya garau, gwiwa ta saɓe, maganin ya yi aiki. Ya zaunar da shi a kan turmi a tsakar gida, ƙarƙashin igiyar shanya inda baureren nan ke ta fure abinsa. Karon farko ke nan da hannunsa ya taɓa kan. Babu wanda ya yi tsokana. Reza tana tafiya, ragowar sumar tana zuba a kan zani.

"Ka yafe ni," in ji mai aski.

"Ba kai ka riƙe cokalin ba," in ji maigida.

Na ji idona ya ciko. Amma hali zanen dutse, mai aski yana naɗe zanin ya ce, "In kana son mai, ina da kwalabe da yawa a gida. Wani ƙwararre ne ya sayar min."

Aka sayo hula. Man gashi kuwa tun ranar ko kwalba ɗaya ba ta fita ba. Na ɗauko fartanya zan tumɓuke tsiron, maigida ya hana ni, wai tsiron bai yi wa kowa ƙarya ba.

Bayan ya sake buɗe shago, wata mata daga nesa ta zo da 'yarta, yarinya tana ta susar kai da hannu biyu. Kwarkwata ce. Benci cike yake kamar kullum, har da mai aski. Na kawo gwangwani na tsaya bakin ƙofa, taɓarya a hannuna, kuma wallahi na san abin da zan yi da ita. Maigida ya yi mata bayani, a shafa a gashi, a wanke, kada ya kusanci bakin yarinya ko idonta.

Matar ta juya gwangwanin. "An ce min kai ba ka ba da magani sai ka ɗanɗana a gaban mutum."

Na ga hannun maigida ya motsa, na gyara riƙon taɓarya. Hannun ya wuce aljihu, ya hau sama, ya cire hular. Ya sunkuyar mata da kan nan fes, a gaban titi duka.

"Na riga na ɗanɗana miki, baiwar Allah," in ji shi. "Ki ajiye shi inda hannunta ba ya kaiwa."

Matar ta ja 'yarta jikinta, ta ƙulle gwangwanin a leda biyu. Ni kuwa na jingine taɓaryata na koma kan dakana.