Rigakafi a Cikin Randa

"A cikin me, Kawu?"

"Cikin randa, ɗiyata. Randa dai wadda kinka sani. Mi ne abin zare ido?"

Hanifa ta sake duban kusurwar ɗakin ajiyar magani. Firij ɗin rigakafi na asibitin ƙauyen, wanda aka sha fama kafin a kafa masa sola, yana nan yana ta gurnaninsa, amma babu kwalbar allura ko ɗaya a cikinsa. Jarkokin zoɓo ne da kunun aya, sai wata roba cike da hanta da ƙoda an rufe ta da faifai.

Kawu Sallau, ƙanin mahaifiyarta kuma ciyaman ɗin kwamitin lafiya na mazaɓar, ya gyara zaman hularsa. Jiya aka yi sunan jikansa. Mai kula da asibitin ya tafi kwas Gusau, ya bar mabuɗi a hannun ciyaman kamar yadda aka saba. Shi kuwa ciyaman ya dubi zafin bazara, ya dubi baƙin da za su zo daga Maradun da Birnin Tudu, ya ga bai dace a shayar da surukai zoɓo mai ɗumi ba, alhali ga injin sanyi na al'umma yana gadin 'yan kwalabe.

"Ni ba jahili ba ne," in ji shi. "Na san sanyi suke so. Shi ya sa na sa anka ɗauko randar Inno Marka, wadda ruwanta ke kama haƙori ko da rana tsaka. Ga ta nan a lungu, duba da kanki."

Ta ɗaga murfin. Kwalaben suna nan, wasu sun nutse, wasu suna iyo. Takardun jikinsu kuwa, masu ɗauke da sunan magani da ɗan tambarin da ke nuna ko zafi ya taɓa shi, duk sun jiƙe sun saɓule, suna yawo a saman ruwa kamar ganyen shayi.

"Innalillahi. Kawu, ka kashe ni."

"Kai, yaran zamani da zuzuta abu! A tsame takardun a shanya, a liƙa su da ƙaro."

"A liƙa wa wacce kwalba wacce takarda?"

"Ai duk rigakafi ne."

"Na ƙyanda daban, na tarin fuka daban! Wani a cinya ake yi, wani a damtse, wani a baki ake ɗigawa. Jarirai ne fa, Kawu, ba awaki ba. Ko awakin ma ba a yi masu haka."

Ta leƙa ta taga. Ƙarƙashin darbejiya ya cika da mata, kowacce da goyo. Har da matan rugage da suka tako tun da sassafe, ƙafafunsu fari fat. Damina guda ta kwashe tana bin su gida-gida ita da Inno Marka, tsohuwar ungozomar garin, tana shan furar da ba ta so, tana amsa tambaya ɗaya sau ba adadi: shin allurar nan ba ta hana haihuwa? Ta yi rantsuwa, ta kai 'yarta an yi mata a gabansu. Yau ce rana ta farko da suka yarda suka zo da ƙafarsu. In suka koma gida da tsaki, ta san ba za ta sake tara su ba.

Mijinta Abdulrashid, malamin makaranta a Bakura, shi ya kawo ta a babur, yana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu. Ya leƙa randar, ya leƙa firij, ya cije leɓe. Ta ga kafaɗunsa suna rawa.

"In ka yi dariya, wallahi a ƙafa zan koma gida."

"Ni? Tari ne ya sarƙe ni, Likita." Ya rage murya. "Amma ki tuna kin yi alkawari. Wannan karon ba za ki ajiye aiki ki kama hanya ba."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. A wani asibitin kuɗi a Talata Mafara ta fara aikin nas, ta bari saboda mai asibitin yana ɗaura wa kowa ƙarin ruwa, har mai ciwon haƙori. Ta buɗe kemis a Maradun, ta ƙi yi wa mutane allura a kan kowane zazzaɓi, suka ce ba ta iya aiki ba, suka koma shagon gaba. Ta yi koyarwa a makarantar koyon aikin lafiya, ta gaji da ɗaliban da ke haddace abu ba su taɓa riƙe hannun mara lafiya ba. A duk wuraren nan ita ce mai gaskiya, kuma a duk wuraren ita ta tafi, aka ci gaba da abin da ake yi. Da ta karɓi aikin wucin gadi a asibitin garin kakanninta, ta shiga kwamiti, sai ta ce wa Abdulrashid a nan za ta tsufa. Ya riƙe hannunta ranar, ya ce shi dai duk inda ta nufa man babur ɗinsa nata ne, amma yana so ya ga ta dasa abu ta zauna har ya yi tsiro.

Kawu Sallau ya ja ƙofa ya rufe. Yanzu ya fara gane girman abin.

"To, ji nan. Hita ki ce ma matan nan mota ba ta kawo magani daga Bakura ba. Kowa zai yarda. Gwamnati ba ta da surukai a garin ga, ni ina da su, kuma ba su tahi ba tukuna."

"Kawu..."

"Ni na ɗauke ki a wuyana na kai ki makaranta ranar hwarko, kina kuka kina ja min gemu. Yau ke za ki tsaya gaban mata ki kwance min zane?"

Idanunta suka ciko. Tana son tsohon nan, da rigimarsa da komai. Shi ya tsaya kai da fata aka kawo sola, shi ya hana a mai da asibitin rumbun taki. Kuma ƙaryar tasa mai sauƙi ce, za ta shige kamar ruwa.

Sai dai rabin garin sun sha zoɓo mai sanyi jiya, kuma kowa ya san firij ɗaya ne a garin. Kafin la'asar zancen zai kai bakin rijiya. Daga nan matan za su fara lissafi: in Hanifa ta iya yi mana ƙarya a kan mota, me zai hana ta yi mana a kan abin da ke cikin allurar?

"Hanifa!" Muryar Inno Marka ce daga waje. "Rana ta ɗaga, ɗiya sun hwara kuka. Ko sai sun yi hurhura irin tawa?"

Ta share ido da gefen hijabi, ta miƙa wa Kawu hannu. Ya ciro mabuɗin daga aljihu ya ajiye mata, yana gunaguni a kan 'ya'yan da aka yi wa boko don su zo su ci mutuncin manya.

Ta fito. Dole ta bi gaisuwa daki-daki, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya masu gida, ya zafi, ya hanya, kowacce tana amsawa tana mayarwa. Da aka yi shiru ta ɗaga murya.

"Iyayena, yayyena, yau ba za a yi allura ba. Maganin ya zo, amma ya lalace a hannunmu, mu 'yan kwamiti. An cire shi daga firij aka sa zoɓon suna. Ba zan sa wa ɗan kowa abin da ban tabbatar da shi ba."

"Ashe!" wata ta ce daga baya. "Ni dai na ce sanyin nan ba na banza ba ne."

Wasu suka kwashe da dariya, wasu suka ja tsaki. Wata Bafulatana da ake kira Dada ta miƙe tana gyara goyo za ta tafi.

"Dada, dakata ki ji ƙarshe," in ji Hanifa. "Yanzu zan tafi Bakura in faɗi abin da ya faru da bakina, ko da za a sallame ni. In an ba da wani maganin, ba ku za ku sake takowa ba. Ni zan bi ku da akwatin sanyi, gida-gida, ruga-ruga, har in gama da ɗan ƙarshe. Mabuɗin firij kuwa daga yau a wuyana zai riƙa kwana. Malam, ta da babur!"