Ƙuri'ar Baraka

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya fara cinye gonaki, a ita aka ce mata ma za su jefa ƙuri'a. A ita kuma Likita Gidaɗo na asibitin Mafara ya tsaya takarar majalisar tarayya, wai sai an je Ikko a yi magana kan gonakin mutane.

Baraka mai ƙosai ta Bakura ta ji labari, ta dafe ƙirji. Ɗiyarta Kyauta na da ciki na uku. Biyun farko duk ba su zo da rai ba, a na biyun ma likitan nan ne ya ƙwato ran Kyauta da kyar. Haihuwa sai kaka, in kuwa ya ci zaɓe, kafin kaka ya tafi.

Ai fa Baraka ta yafa gyale ta shiga gida gida. "Kowa ke son Likita, kar ta dangwala mishi! Mi za mu ci da Ikko?" Mata suka ce wallahi gaskiya ne.

Amma ina! Maradun da Mafara suka zuba masa ƙuri'a, ya ci, ya tafi. Baraka ta yi kuka har ƙosai ya ƙone a kasko.

Ana cikin yankan gero sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidan Baraka. Likita ne, da babbar riga, idanu jajur, kwana biyu yana hanya.

"Na lissafa watan Kyauta," in ji shi. "Ku ɗauko ta mu tafi Mafara."

Kwana uku ya jira. A na huɗu ya yi mata aiki, aka ciro ɗa namiji mai kuka kamar an tsikare shi.

Baraka ta durƙusa gaban Likita a barandar asibiti, cike da godiya da kunya. "Likita, ka yafe mini. Ban zaɓe ka ba. Har matan unguwa na hana, don kar ka tafi."

Ya yi dariya yana goge hannu. "Na sani, Inna. Akwatin unguwarku ƙuri'a shida na samu."

"Kuma ka zo?"

"To wa zan zo ma? Waɗanda suka zaɓe ni sun yarda in tafi. Ku ne kuka ƙi."