Turbon Kamiyo a Motar Adawiyya

Shekara bakwai na yi ina kwance ƙarƙashin motocin mutane a garajin Ɗanbala da ke Tourou, a gefen Parakou. A aji biyar na bar makaranta, zaman benci ya gagare ni, Baba ya kama hannuna ya kai ni can. A Parakou ba ka buɗe garajin kanka sai patron, maigidanka, ya sallame ka: a tara makanikai, a yi addu'a, ya buga maka tafin hannu bugun ƙarshe, ya miƙa maka diplom. In babu takardar nan, ko rumfa ba za a bar ka ka kafa ba. Bara aka sallami Adnan, wanda ya zo bayana da shekara biyu. Ni kuwa duk lokacin da na tada maganar, amsa ɗaya ce: "Hannunka ya iya, Ziyad. Kunnenka ne bai iya ba."

Akwai wani mataccen kamiyo, babbar motar ɗaukar auduga, a bayan garajin. Na kwance turbonsa, abin nan mai tura wa injin iska don ƙarin ƙarfi, na wanke, na ga fankarsa tana juyawa lafiya. Na kai wa Ɗanbala, na ce zan ɗora shi a kan ƙaramar mota mai esansi, wato fetur, ya ga abin da kaina zai iya.

Ko karɓa bai yi ba. "Hayaƙi ne ke juya wannan abin. Injin gazuwal mai lita goma sha biyu ke hura shi. Kai kuma za ka ba shi numfashin ɗan akuya? In ma ya samu ya juya, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, fistan ya narke. Mayar da shi inda ka ɗauko."

Aka yi dariya har da mai sayar da shayi. Ban mayar ba.

Yayata Adawiyya tana da Starlet da take ɗauko wagashi, cukun Fulani, daga Djougou. Ta tafi biki na kwana huɗu, ta bar min motar in canza mai. Na ce wa patron zazzaɓi nake yi, na tura motar bayan gidanmu a Zongo, na aro injin walda. Kwana uku ina yankan bututu ina haɗawa. Na jawo wa turbon mai daga injin, na yi masa hanyar komawa. Bonet ya ƙi rufuwa, sai na yanke masa taga.

Ranar da ta dawo, Adawiyya ta tsaya tana kallon ramin.

"Auta, mene ne wannan ya leƙo kamar tukunyar tuwo?"

"Ƙarfi ne, Yaya. Yau a awa ɗaya za mu kai Djougou."

"Mai na ce ka canza, ɗan banza! Matan Fulani suna can suna jirana, da na fasa maka kai. Shiga mu tafi."

Muka kama hanya, motar ta zama kamar jaki. Da can tana da ɗan kuzarinta, yanzu sai nishi. Na taka, babu komai. Kafin Bétérou wani mai babur ɗauke da buhu biyu na doya ya wuce mu, har ya waiwayo ya ɗaga mana hannu.

"Ka bi shi a hankali," in ji Adawiyya, "kada ƙarfin ya kashe mu."

Haƙorana kawai nake cizawa. Muryar Ɗanbala nake ji a kaina, da dariyar mai shayi. Saura kaɗan mu shiga Djougou muka samu gangare. Na mayar da ita giya ta uku, na danne totur har ƙasa, na ƙi ɗagawa. Injin ya yi ihu, allura ta haura inda ban taɓa kai ta ba. Sai na ji fito, siriri, yana tashi. Kujera ta bugi bayana. Motar ta zabura, bishiyoyin kaju suka koma zare ɗaya.

"Ya juya!" na yi ihu. "Kin ji? Ya juya!"

"Innalillahi! Tsaya! Auta, tsaya!"

A ƙarƙashin fiton akwai wata ƙara, kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Na san ta. Duk wanda ya shekara a garaji ya san ta, kuma ya san ɗaga ƙafa ake yi. Ban ɗaga ba. Shekara bakwai nake jiran wannan fiton. Sai hayaƙi ya turnuƙe ta tagar bonet, injin ya yi tari biyu ya mutu.

Wata motar gawayi ce ta ja mu zuwa garajin wani dattijo mai gyaran manyan motoci, Sahabi. Adawiyya ta kira Ɗanbala a waya, ta hau babur ta tafi kasuwa.

Bayan la'asar Ɗanbala ya iso. Bai gaishe ni ba. Ya sa na buɗe kan injin da hannuna, mutane sun kewaye mu. Fistan na uku ya huje, rami kamar an soka yatsa a tuwo.

"Ku matso ku gani," in ji shi. "Wannan shi ne zazzaɓin da yake yi." Ya juyo gare ni. "Za ka koma Tourou, ka tada injin nan. Ka ƙara shekara ɗaya. Kuma yanzu, a gaban mutanen nan, ka ce patron ya faɗa maka ba ka ji ba."

"Ka ce ba zai juya ba. Ya juya."

"Na ce in ya juya zai narke!"

"Da an ƙara masa mai, da an rage matsin injin..."

"Da, da, da! Motar 'yar'uwarka ce ka yi karatu a kanta, mara kunya!"

Wannan gaskiya ce, shi ya sa ta fi ƙona ni. Kalma bakwai kawai yake so, amma na ji gara in haɗiye fistan ɗin.

Duk wannan lokacin Sahabi yana tsugune, yana bin ɗinkin waldata da babban yatsa.

"Wa ya haɗa bututun nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ko ɗigo bai zubar ba. Hauka ne, amma an yi shi da tsabta." Ya miƙe yana goge hannu. "Ina neman mai walda. Sai dai ni ban san shekarunka na Tourou ba. A nan daga farko ake farawa. Shekara uku kafin takarda."

Ɗanbala ya yi tsaki. "Ɗaya ko uku, Ziyad. Ko lissafin ma sai an koya maka?"

Na kalle shi. Ya riga ya juya ya nufi titi, ya tabbata ina biye da shi.

"Baba Sahabi," na ce, "injin Yaya zan fara tadawa, in ka ba ni wuri. A ina kuke ajiye sifana?"

Ya nuna min akwatin da haɓa.