Rodi Goma Sha Huɗu da Suka Rage

…goma sha uku, goma sha huɗu. Sha huɗun dai. Karo na uku ke nan Sharfuddeen yana taɓa su da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Rodi mai mili sha shida, sabbi fil, suna kwance gindin darbejiya, ga filolin tankin ruwan garin can sun fara tashi.

An yi rara, Injiniya, in ji 'yan kwamiti, sai a yi wa tagogin Islamiyya ƙarfe da su. Shi ba injiniya ba ne ma, lissafin kayan gini ya karanta, amma wa zai tsaya gyara musu? Kuma lissafinsa ba ya rara. Shekara tara, daga Kazaure har Gwiwa, in ka ga saura to guntaye ne.

Fila huɗu, tushe ɗaya — haka yake a takarda. In fila ɗaya ce a raminta, tabarmar rodi ɗaya a ƙasa ta wadatar. Amma huɗu a kan kankare guda? Filoli suna danna gefe, ƙasa tana turo tsakiya, daga sama zai tsage. Shi ya sa tabarma biyu. Ta ƙasa rodi ashirin da biyu. Ta sama…

Ta sama ga ta nan gindin darbejiya.

Na sani, ɗana, tun ba a kai uwarka ɗaki ba nake ɗaure rodi. Baba Na'Allah ke nan, ran Lahadi da Sharfuddeen ya fara yi masa bayanin zanen, wayar ɗauri a haƙori, ko kallon takardar bai yi ba. Ba ya karanta zane, sai an faɗa masa da baki, kowa ya sani. Aminin mahaifinsa — shi ya karɓa wa Sharfuddeen auren matarsa Khairiyya. A gaban leburori zai tsaya yana koya masa aiki? Haka ne, Baba. Ya sunkuyar da kai, ya hau acaɓa ya koma Roni. Ran zuba kankare kuwa yana Babura, wani aikin.

Kwana biyar yau. Kankaren ya kama, ya yi tauri. Matan gari ne suka ɗebo ruwan kwaɓi a ka, bokiti-bokiti, maza suka fasa dutse da hannu. A ce musu a farfashe? Da wane bakin?

Lita dubu arba'in, tan arba'in ke nan, lissafi mai sauƙi. Ba bana ba, wataƙila. Ba baɗi ba. Tsaga siririya, ruwan famfo yana bi, tsatsa tana ci… Kuma ai a inuwar tanki ake layi. Jarkoki, robobi. Inno mai nono ma har ta zaɓi inda za ta riƙa sauke ƙwaryarta.

Tsoro yake ji. Ya lura da hakan kamar yadda yake lura da adadi. In ya yi shiru, wa zai sani? Kankare ba ya magana. Shi kaɗai ne, shi da sha huɗun nan.

Ga Baban can yana tahowa, yana ɗingisa ƙafar hagu, goro a tafin hannu, fuska fal fara'a. Tun daga nesa yake nuna rodin da haɓa.

"Ka ga tattalin da na yi maka, ɗana?"

Akwai magana, yana da ita — tabarmar sama, Baba, ba a saka ba, sai an fasa. Amma gwiwarsa ta riga ta fara rusunawa da kanta, hannu biyu sun miƙa wa goron, bakin kuma… bakin har ya gyara zama zai ce haka ne, Baba.