Sabulu Sittin a Cikin Kalkuleta

Shekara goma sha huɗu Anti Sikeli ta yi a ɗakin awo na masana'antar sabulu, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Kowace safiya takan ɗebo sabulu ashirin-ashirin daga injina uku, ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan sikeli, shi kuma ya tofo takarda mai nauyin kowanne, da matsakaicinsu a ƙasa. Abin da sikelin bai iya ba shi ne SD, wato lissafin da ke nuna ko sabulan sun zo kai ɗaya, ko kuwa wani ya yi ƙiba wani ya rame. Wannan sai da kalkuleta. Dokar kamfani ita ce kada SD ya wuce giram biyu. In ya wuce, mai injin ya karɓi takardar gargaɗi. In takardun sun kai uku a jere, ya ajiye musu rigar aikinsu ya kama gabansa.

Ranar Litinin aka ƙwace mata kalkuletar. Manaja ne ya shigo da wani sabon injiniya, ya ce daga yau lissafi ya koma hannun wanda ya karanta shi a jami'a, ita ta tsaya a kan awo. Ta haɗiye fushinta ta ce to. Kafin azahar Injiniya ya fitar da sakamako: inji na ɗaya lafiya, na biyu lafiya, na uku giram tara da rabi. Talata ma haka.

Inji na uku kuwa na Kawu ne, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya kawo ta wurin nan tana budurwa. A bakinta kowa ya ji sunan, har Manaja Kawu yake ce masa. Mutumin da bai taɓa karɓar ko hararar gargaɗi ba, sai ga shi da takarda biyu a aljihu, ta uku tana hanya.

Abin ya tsaya mata a rai. Da hannunta ta auna sabulan Kawu, ba wanda ya gaza giram ɗari da arba'in da bakwai, ba wanda ya haura ɗari da hamsin da uku. Ta ina tara da rabi zai fito? Ko makaho aka miƙa wa sabulan nan ya shafa, zai ce ƙarya ake yi. Ta faɗa wa Injiniya tun ranar Litinin, ya yi mata murmushin nan da ake yi wa tsohuwa in ta tambayi yadda ake kunna waya, ya ce, "Anti, na'ura ba ta son kai."

Saboda haka ranar Laraba da ta kai masa takardun awo, ba ta koma kan kujerarta ba. Ta tsaya a bayansa, ta harɗe hannu.

Ya danna MODE, ya zaɓi SD, lissafin jiya ya goge. Ya shiga zuba nauyin inji na ɗaya, kowace lamba sai ya bi ta da M+, maɓallin da ke ajiye ta a ciki, yatsunsa na gudu, idonsa na kan takarda, ko sau ɗaya bai dubi allon ba sai da ya zo karɓar amsa. Ya rubuta. Ya danna AC, allo ya koma sifili, ya jawo takarda ta biyu. Ya gama, ya sake danna AC, ya jawo ta Kawu.

Nan ta gano bakin zaren. AC ai fuskar allo kawai yake gogewa, lambobin suna nan kwance a cikin kalkuletar. Inji na ɗaya da na biyu duk ƙaramin sabulu suke yi, mai giram ɗari da talatin, don haka ko an cakuɗa su ba a ganewa. Na Kawu ne kaɗai ke yin babba. Bawan Allah yana zuba manya ashirin a kan ƙanana arba'in, sannan ya ce injin dattijo ba ya fitar da kaya kai ɗaya.

"Injiniya, tambayi kalkuletar nan, sabulu nawa ka ba ta?"

"Ashirin mana."

"Ban ce ka faɗa mini ba. Ita na ce ka tambaya."

Ya ƙi taɓa ta. Ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ta ɗauke ta, ta danna SHIFT, ta kira adadin, ta ajiye masa a ƙarƙashin hanci. Sittin.

Ba ta jira ya gama buɗe baki ba. Ta kwashi takardun kwana ukun da kalkuletar, ta haura bene zuwa ofishin Manaja, Injiniya na biye da ita yana cewa a tsaya a fahimci juna. Ta tarar da takardar gargaɗi ta uku an riga an buga ta, tana kan tebur tana jiran lamba da sa hannu. Wato tun kafin a yi lissafin an yanke hukunci.

"Yallaɓai, minti biyar nake roƙo."

Ta yi masa bayani a tsaye. Ta danna SHIFT da CLR, ta zaɓi ɗaya, ta danna alamar daidai, ta nuna masa adadin ya koma sifili. Ta zuba nauyin Kawu na Litinin a hankali, tana juya masa allon yana ganin ƙidayar na hawa har ashirin. Ɗaya da ɗigo uku. Ta share, ta zuba na Talata. Ɗaya da ɗigo takwas.

Manaja ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "To, ɗan Adam ajizi ne. Kowa da ranar farkonsa."

Ajizi! Da Kawu ne ya yi kuskuren, da tuni an manna sunansa a allon sanarwa. Ta danne zuciyarta don ba wannan ya kawo ta ba.

"Yi mana na yau," in ji Injiniya daga bakin ƙofa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ta share, ta zuba na Laraba. Sai da ta kai tsakiya ta ga akwai matsala, don da safe hankalinta na kan Injiniya, ba ta lura da lambobin ba. Ga ɗari da arba'in da biyu, ga ɗari da hamsin da takwas. Ta karɓi amsa. Huɗu da ɗigo shida. Ta sake yi daga farko, bai canza ba.

"Kin gani ko?" Manaja ya mai da tabaransa. "Ashe dai injin da matsala."

"Yallaɓai, shekaranjiya lafiyarsa ƙalau. Ku kuka ce masa ya lalace, ya sa sifana a ciki. Kwana biyu yana kwance shi yana ɗaurawa, ko abincin rana bai fita ci ba."

"Doka doka ce, Anti. Biyun farko na yafe su. Ta yau tana nan, ita ce ta ɗaya. In gobe da jibi bai daidaita ba, kin san sauran."

Wai ya yafe. Laifin da ba a yi ba shi aka yafe, wanda ya yi laifin kuma aka miƙa masa kalkuletarsa aka ce ya riƙa kula. Ta sauko benen tana jin kamar ta kurma ihu, idonta ya kawo ruwa don tsabar takaici.

Ta sami Kawu kwance rigingine a kan kwali a ƙarƙashin inji na uku, ƙafafunsa kawai ke waje. An zare murfin gefe, notuna a jere cikin gwangwani. Ta durƙusa.

"Kawu, fito ka ji."

Ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har cikin furfurar gemunsa, sifana a hannu. Bai bari ta fara ba.

"'Yar nan, kada ki sa kanki a rigima saboda ni. Ina ganin tsufa ne. Kunnena ya daina jin inji. Ni ina jin sa daidai, takarda na cewa ba daidai ba."

"Kunnenka lafiya lau. Su suka yi kuskure, na nuna musu, Manaja ya gani da idonsa. Injinka bai taɓa wuce biyu ba sai yau. Mai da shi yadda yake ranar Litinin kawai, shi ke nan magana ta ƙare."

Ya dube ta. Sannan ya juya ya dubi notunan da ke cikin gwangwani, ya dubi babban notin saiti da ya sha juyi hagu da dama tun shekaranjiya.

"Yadda yake ranar Litinin," ya maimaita a hankali. "Shekara goma sha ɗaya rabona da taɓa notin nan. Wata uku na yi ina lallaɓa shi kafin ya zauna. Ban san inda yake ba, 'yar nan."