Sakamakon Kwana Uku

Haulatu ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci kafin ta tsuguna. A wani lungu jikin bayan gida aka ajiye sabar asibitin, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansu, kashin ɓera ya lulluɓe ta, wani ma ya bar robar aceke, abincin garin rogo, a kanta har ta yi funfuna. Tun daga unguwar Bracodi ta biyo motocin haya, gbaka da woro-woro, zuwa Arras, don Alhaji Musbahu, mai wannan ƙaramin asibitin, ya kira ta gyara, ya ce kwana uku ke nan an kasa ciro sakamakon gwajin jini.

"Wa ya taɓa ta?" ta tambaya.

"Ni na gyara," in ji Kailu, ƙanin matar Alhaji, mai kula da kwamfutocin wurin. "Manhajar da muke shiga rumbun bayanai da ita ta tsufa, na goge ta na sa sabuwa fil. Dernière version!"

"Ka duba sigar sabar tukuna?"

"C'est pareil, Malama, duk ɗaya ne. Sabo ai ya fi tsoho."

Ta yi tsaki a ranta. Sabar ta shekara goma sha biyu ba a sabunta ta ba, sabuwar manhajar kuwa ba ta aiki da mai shekaru irin nata. Masu manhajar sun rubuta ɓaro-ɓaro wace siga ke tafiya da wace, karatun minti biyu ne.

Ta cire tasa, ta nemo tsohuwar sigar da ta dace. Kafin kiran azahar rumbun ya buɗe. Duk gwajin da na'urar awon jini ta tura cikin kwana ukun yana nan lafiya.

Tana tattara kayanta idonta ya faɗa kan tarin takardu a teburin Kailu, kwafin sakamako masu ɗauke da kwanan wata na jiya da na shekaranjiya. Ta ɗauki ta sama. Hajiya Nuriyya, suga daidai. Ta duba sunan a allo. Sugan matar ya ninka na mai lafiya sau huɗu.

"Daga ina waɗannan suka fito, rumbu yana rufe?"

Kailu ya sosa ƙeya. "Mutane sun dame ni da surutu. Sai na ɗauki tsofaffi na canza suna. Yawanci ai lafiyarsu lau."

Ta ƙirga takardun, arba'in da ɗaya. Ta kai wa Alhaji takardar har ofis. Ya karanta, ya kife ta a tebur.

"'Yata, aikin da na kira ki kin gama, Allah ya yi albarka. Wannan maganar cikin gida ce."

"Alhaji, mutum arba'in da ɗaya ne."

"Za a duba."

"Yaushe?"

Ya jawo wayarsa ya shiga latsawa.

Haulatu ta san daga yau ba zai sake kiranta ba, kuma abokansa 'yan kasuwar Adjamé, da ta dogara da aikinsu, za su ji labarin yadda ya so. Ta koma kan kwamfutar, ta buga sunayen da lambobin wayarsu a takarda biyu. Ta fita ta zauna a bencin mai shayi, ta danna lambar farko.

"Salamu alaikum. Hajiya Nuriyya ce? Hajiya, takardar da aka ba ki jiya ba taki ba ce. Akwai wanda zai raka ki wurin likita yanzu?"